Kwat ɗin da Ka Aiko wa Baba

Umarari, Maiduguri.

Zuwa ga ƙanena Abdulnasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Uwais da shi kansa Uwais. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya yaro, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Maigidana Ridwan ya dawo daga gonar Zabarmari, shinkafar bana ta yi kyau duk da tsuntsaye sun ci rabonsu. Siddiƙa ta gidan Kawu Ajimi ta sauka lafiya, an samu mace. Ƙafar Baba da sauƙi tun da aka sauya masa magani. To, gaisuwar ke nan, na sauke haƙƙinka na ɗan'uwa. Abin da ya rage ba mai daɗi ba ne, kuma da gangan na zauna na rubuta shi da hannuna, don na san halinka: in ta waya ce, ina soma magana za ka ce ana nemanka a asibiti. Wannan karon sai ka ji ni har ƙarshe.

Wata huɗu da suka wuce ka kira ka ce surukanka za su yi bikin cika shekara arba'in da aure a cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai daga Ingila zuwa Sifen, kuma ka kama wa Baba wuri don ya zo ya ga Uwais. Yaron ya shekara biyar, kakansa bai taɓa ganinsa ba sai a fuskar waya. Ranar na yi maka addu'a har na yi hawaye, ban ɓoye maka ba. Baba kuwa babu wanda bai gaya wa ba, daga masallaci har rumfarsa ta ɗinkin hula. Ya ajiye aikin mutane gefe guda, ya zana huluna biyu, ɗaya ta surukinka, ɗaya tasa. Ka san yadda idonsa ya zama, yanzu da hantsi kawai yake iya zura zare a allura. Haka ya riƙa zama a bakin ƙofa kullum yana ɗinki har ya gama su, ya wanke, ya sa sitati da kansa. Ya kuma fito da farar babbar rigarsa ta shadda, aka kai wa masu bugu.

Sai ga akwati daga wurinka da kwat a ciki, da saƙo a wayata. Ka ce a jirgin akwai dare biyu da ake kira daren kwalliya, kowa ya ci ado, a ci abinci tare da kyaftin ɗin jirgin, a ɗauki hotuna. Ka ce dokarsu ita ce namiji ya sa baƙar kwat da farar shat da taye, babu babbar riga, babu hula, wanda ya saɓa kuwa a bakin ƙofa za a mayar da shi. Har hoton takardarsu ka turo da Turanci don in gani. Ni da Turancina bai wuce na gaisuwa ba, na yarda da kai, don ban taɓa zaton za ka yi min ƙarya a kan mahaifinmu ba. Da bakina na gaya wa Baba. Ya ce tun da dokar masu jirgi ce, ai baƙo ba ya ja da masu gida. Abu ɗaya kawai ya tambaya, wai har da hular. Na ce masa har da ita.

Kwat ɗin ma bai yi masa daidai ba, don da jikinka ka auna. Ba ka san Baba ya rame ba, ina za ka sani? Na raka shi Kasuwar Monday wurin telan da suka shekara talatin da sanin juna. Tela ya ce sai ya sa kayan duka ya tsaya, don a ga inda za a rage. Baba ya shiga bayan labule ya fito, hannun kwat ya rufe masa yatsu, wando yana jan ƙasa, sannan ya kai hannu ya cire hularsa ya miƙo min, wai gara ya fara sabawa. Abdulnasir, shekarata arba'in da shida, ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a bainar jama'a ba. Ban da lokacin da ya ɗaura harami a Makka, ban san wanda ya taɓa gani ba. Kan ya yi fari fat, ga shatin hula a goshinsa. Wani mai sayar da yadi da ke maƙwabtaka ya leƙo ya tambaya ko Alhaji Ba'ana ya samu aikin banki ne, layin duka aka kwashe da dariya. Baba ma ya yi dariya tare da su. Ni kuwa na juya baya ina riƙe da hular, raina ya ɓaci, amma a lokacin masu jirgi nake tsine wa.

Makon jiya Ridwan ya je buga takardun tafiya da ka turo masa don haɗa wa Baba jaka, sai ya bugo har da cikakkiyar takardar jirgin. Ya zauna yana dubawa, na ga ya ɗago ya kalle ni. Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya fassara min sau biyu: duk wanda yake so ya sa tufafin gargajiyar ƙasarsu a daren kwalliya, ana maraba da shi. Har hoto suka sa, wani Bature da siket iya gwiwa da wata Ba'indiya da zanenta. Layin nan yana ƙasa da daidai inda ka yanke hoton da ka turo min. Ba kuskure ba ne, da hannunka ka yanke. Ashe ba jirgi ne ya hana Baba rigarsa ba, ɗan cikinsa ne.

To ka gaya min, me ke cikin babbar riga na abin kunya? Ƙato da gemunsa zai shiga da siket a tafa masa, amma dattijon Barno da farar shadda da hular zanna shi ne zai ɓata maka hoto? A rumfar hular nan ka yi rarrafe, da guntayen zarenta ka yi wasa, yanzu don ka zama likita a ƙasar mutane ka fi ƙarfin a gan ka kusa da ita. Kada kuma ka laɓe bayan matarka, don ita ba ruwanta. Ita da kanta ta aiko min saƙo tun watan jiya, wai in taimaka in saya mata lafaya da humra, tana so ta sa a wannan daren don ta girmama Baba. Na saya, na turara mata da turaren wuta kwana uku. Ka ga abin dariya ko? Baturiya za ta shiga da lafaya, mai ɗinkin hula ya bi bayanta kai a buɗe. Wallahi ta fi ka sanin darajar gidanku, kuma na ji kunyarta a madadinka.

Ranar Alhamis da safe na tafi gida da takardar a hannuna, na yi niyyar sai dai a fasa tafiyar. Na samu Baba a ɗaki gaban madubin da ya ara a wurina, taye a wuyansa a kan rigar gida, yana ta juya shi. Na zayyane masa komai, ban rage ba, kuma ban yi maka sassauci ba. Ina jiran ya fusata, ko motsi bai yi ba. Ashe wani Alhaji da ke sayen hula a wurinsa ya taɓa shiga irin jirgin nan, ya ba shi labarin yadda ya shiga da babbar riga har mutane suna layin ɗaukar hoto da shi. Tun kafin mu je wurin tela ya sani. Da saninsa ya tsaya a tsakiyar kasuwa ana masa dariya.

Abin da ya ce da ni shi ne: "Na sani, Ruƙayya. Yaron nan shi kaɗai ne a cikinsu, ba shi da kowa a can. In rigata ce za ta sa ya sunkuyar da kai a gaban surukansa, gara in cire ta. Dare biyu ne kawai."

Ya ce kada in yi maka maganar, na ce ban ɗauki alkawari ba. A gabana ya buɗe akwatin tafiyarsa ya ciro babbar rigar da tasa hular ya mayar cikin sif, ya bar ta surukinka a naɗe cikin takarda. Na fito tsakar gida na yi kukana.

Saboda haka Baba yana nan tafe ranar da ka sa, kuma zai sa maka kwat ɗinka. Ba roƙonka nake yi ba, na wuce nan. Abin da na yi kawai, na faki idonsa na mayar da rigar da hular can ƙasan akwati, ƙarƙashin lafayar matarka. Shi bai sani ba, kuma ba zai tambaya ba. In da sauran kunya a idonka, kai za ka fito da su da hannunka ka kai masa. In kuwa babu, kada ka kuskura ka turo min hoton daren nan, kada kuma ka kira ni bayansa.

Ridwan yana gaishe ka, haka ma Kawu Ajimi da Siddiƙa. Ka gaida Maman Uwais da kyau, ka shafa min kan Uwais. Baba yana gaishe ka yana sa maka albarka, kuma ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya maka taye ya gagare shi, ya yi ta gwadawa yatsunsa sun kasa, don haka ranar sai ka zo ɗakinsa da wuri ka ɗaura masa, kada ya sa ku makara. In ka tsaya a gabansa kana ɗaurawa, ka ɗaga ido ka kalle shi, ka tuna ya sani.

Ni ce yayarka,
Ruƙayyatu Ba'ana.