Na Ba Mai Sunan Babana Gurbin Wata Yarinya

Assalamu alaikum, barkanku da warhaka. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a nan Gombe. Shekarar da mahaifina ya rasu aka kawo wani yaro ɗan unguwar Shamaki ajina, sunansa da na ubansa sak na mahaifina. Kun san tarbiyyarmu, bakina ba zai iya kama wannan sunan ba, sai na riƙa ce masa Babana. Wasa-wasa abin ya bi ni har wurin duba jarrabawa. Da na ga sunan a saman takarda sai in kasa ɗora jan biro. Ta yaya zan zana sifili a ƙarƙashin sunan Baba? Inda ya ci ashirin sai in mai da shi sittin. Yaron ba daƙiƙi ba ne, amma da ya gano ni sai ya watsar da karatu gaba ɗaya.

Da aka zo zaɓen masu shiga ajin kimiyya, gurbi ɗaya ya rage tsakaninsa da wata yarinya, mu kira ta Rifkatu, 'yar wani kafinta a Kagarawal, wadda ba ta da zance sai na zama nas. Ta fi shi nesa ba kusa ba. Na ƙara masa, na rage mata. Wallahi ba don addininta na yi ba, amma wa zai yarda da ni idan maganar nan ta fita gari?

Makon jiya ubanta ya zo makaranta. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ce, "Malama, ban zo rigima ba. 'Yata ta daina cin abinci. A sake duba mata kawai." Nan take shugaban makaranta ya ce in kawo takardun ajin duka, za a naɗe sunayen, wani malami ya sake dubawa. Takardar Babana kuwa rabinta fara ce fat.

Jiya bayan an tashi yaron ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi. Ya ce, "Malama, ai ba za ki kunyata Babanki ba ko? In aka tambaye ni, ni dai gaskiya zan faɗa, tun daga farko." Ya tsare ni da ido. Baba bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

Takardun suna gidana yanzu. Zuciyata tana ce mini in ƙona su in ce ruwan sama ya lalata, kuma har na ɗauko ashana na mayar. In na ƙona, na kashe wa Rifkatu burinta da hannuna. In na kai, aikina ya tafi, kuma da sunan mahaifina za a riƙa ba da labarin.

Ranar Litinin ake jirana. Me zan yi?