Keken da Aka Ce Kada In Taɓa

Daga: Baba Mai Walda,
Rumfa ta ƙarshe, Layin Masu Walda,
Bayan tashar manyan motoci.

3 ga Satumba

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Kare Haƙƙin Masu Saye,
Sashen Karɓar Ƙorafi.

GAME DA: KEKEN MARA LAFIYA DA YA KARYE SAU BIYU, DA ƘIN MAYAR MINI DA KUƊINA, DA MAI BINCIKEN DA HAR YAU BAI ZO BA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Karatuna bai yi nisa ba, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe a kan alƙalami. Na ƙi bai wa kowa ya rubuta mini, domin mai rubuta wa wani takarda yakan sassauta magana, ni kuwa ba sassauci nake nema ba.

Ni mai walda ne, a wannan sana'a na yi furfura. Mai ɗakina, uwar 'ya'yana, ta samu shanyewar ɓarin jiki a farkon shekarar nan. Ɓarin hagu ya tafi, bakinta ya yi nauyi, amma hankalinta garau yake. Likita ya ce a riƙa kawo ta gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, a kai a kai, in ba haka ba abin da ya rage ma zai bi wanda ya tafi. Gidanmu kuwa yana can ƙarshen lungu, mota ba ta shiga. Duk wanda zai fita da mara lafiya sai ya kai shi bakin titi tukuna. Wannan shi ne dalilin sayen keken. Ga ƙorafina daki-daki.

1. Ranar 9 ga Mayu na sayi keken mara lafiya a shagon kayan asibiti mai ƙofar gilashi da ke daura da babban asibiti. Sunan shagon da kuɗin da na biya suna jikin rasit ɗin da na haɗa da wannan takarda. Mutane suna kiransa keken guragu. Ni ban taɓa kiransa haka a gabanta ba, ina kuma roƙon a takardun ofis ma kada a kira shi haka. Ƙaramin injina na walda na sayar na saye shi. Manajan shagon da bakinsa ya ce mini akwai garanti na shekara guda, in wani abu ya same shi a dawo da shi. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, ni ma ban tambaya ba, domin a inda na tashi, in babban mutum ya ce garanti, to garanti ne.

2. Ba zan ɓoye alheri ba, keken ya yi mana amfani da farko. Mai ɗakina ta sa masa suna motarta, ni kuma direbanta. Kullum muka fito lungu sai ta yi ta mita wai tuƙina ba kyau, wai ina faɗa wa ramuka da gangan, za ta kai ƙarata a ƙwace mini lasisi. Maƙwabta suna dariya, ita ma tana yi da ɓarin bakin da ya rage mata. Tun da ciwon ya same ta ban ji dariyarta ba sai a kan keken nan. Na kawo wannan ne don ofis ya san abin da aka karya, ba ƙarfe kaɗai ba ne.

3. Ranar 2 ga Yuni, ina ninke keken a tsakar gida, na ga bututun da ke ƙarƙashin wurin zama ya tsage ta hagu, daidai inda aka haɗa shi da ƙarfen tayar baya. Keken bai yi wata guda a hannuna ba. Washegari da safe ranar gashi ce, shagon kuma ya riga ya rufe. Ranka ya daɗe, mai walda da ya ga ƙarfe a tsage, injinsa na kusa, matarsa na jiran asibiti, me ake so ya yi? Na kai shi rumfa na yi masa walda. Sannan na bi wurin da giranda, injin goge ƙarfe, na goge, na shafa baƙin fenti irin nasa, har ni kaina sai na lalaba da yatsa nake gane wurin. Haka maigidana ya koya mini, aikin da aka bari da tabo ba a gama shi ba. Ban san cewa wannan gogewa da fentin su za a riƙe a yi mini bulala da su ba.

4. Bayan mun dawo daga gashi, na tura keken zuwa shagon da ƙafata na faɗa wa manajan abin da ya faru. Ba kuɗi na je nema ba. A sana'armu, in ka ga aikin ɗan'uwanka ya saki, kana gaya masa ne a gefe don ya gyara hannunsa, ba ka bari sai ya kashe wani. Na nuna masa wurin, na ce bututun ba shi da kauri, a gaya wa masu ƙerawa. Ya yi mini godiya, ya kira ni Baba, ya ce Allah ya ƙara irina, har ya rako ni bakin ƙofa. Bai ce mini garanti ya mutu ba. Bai ce in bar keken a duba ɗaya ɓarin ba. Ya bar ni na tura shi na koma gida na ci gaba da ɗora mara lafiya a kai.

5. Ranar 11 ga Yuli, a gangaren ƙofar asibiti, ɓarin dama ya ɓalle gaba ɗaya. Ɓarin da ban taɓa kai masa hannu ba, waldar kamfani ce a wurin. Tayar ta kwanta, keken ya kife da ita. Mutum mai lafiya da hannu biyu yake tare faɗuwa. Ita ɗaya gare ta, da shi ta tare. Wuyan hannun dama ya karye, hannun da take cin abinci da shi, take riƙe kofi, take jan mayafinta in ya zame. Takardar likita tana haɗe. Ba zan bayyana yadda aka ɗauke ta daga ƙasa a gaban jama'a ba, ba ta cikin irin matan da suka saba a taru a kansu.

6. Da aka ɗaure hannun, na ɗauki keken na kai shagon, na ce a ba ni wani ko a mayar mini da kuɗina. Manajan da ya ce Allah ya ƙara irina, shi ne ya ce ba ruwansu, wai na taɓa kayan, kuma ni da bakina na shaida haka. Ya ciro wata 'yar takarda irin wadda ke cikin kwali, mai ƙananan rubutu kamar ƙwan kifi, cikin harshen da ba na karantawa, ya ce a nan aka rubuta duk wanda ya gyara da kansa ya zubar da garantinsa. Na ce hagu na taɓa, dama ce ta karye. Ya ce keke ɗaya ne. Na ce to a duba hagun a ga tsagewar farko daga ina ta fito. Ya ce wace tsagewa, shi bai ga komai ba sai fenti, wa ya sani ma ko zafin waldata ne ya raunana ɗaya ɓarin. Ranka ya daɗe, an zage ni a rayuwa, amma ba a taɓa zagina da kyawun aikina ba sai ranar.

Ina tsaye a nan wata mata ta shigo za ta saya wa mahaifiyarta irin keken, ga su nan a jere sababbi cikin leda. Na ce mata 'yata, duƙa ki duba ƙarƙashin wurin zama kafin ki biya. Manajan ya kira mai gadi. Mai gadin sa'an ɗana ne, ya ji kunyar kama ni, sai ya ɗauki keken ya ajiye a waje, ni kuma na bi kayana. Ban sani ba ko matar ta saya. Wannan yana damuna har yau.

7. Ranar 18 ga Yuli na kawo ƙara ofishinku. Ma'aikaciyar da ke teburin farko ta karɓe ni da mutunci, ba ni da abin da zan ce a kanta. Ta ce keken shi ne shaidata, hoto ba ya wadatarwa, tunda na gyara ɓari ɗaya to kada in kuskura in taɓa ɗayan sai mai bincike ya zo ya gani da idonsa. Na ce na ji, na bi. Tun daga ranar nake zarya. Zuwan farko aka ce mai binciken yana hutu. Na biyu aka ce ya dawo amma motar ofis tana gareji. Na ce zan ɗauko keken in kawo masa har teburinsa, aka ce ƙa'ida ba ta yarda ba, sai a inda kaya yake ake dubawa. Zuwan ƙarshe aka ce in ƙara haƙuri. Ba na raina ma'aikatanku, na san ba ni kaɗai ne mai ƙara ba. Amma haƙurin da ake ce in ƙara, ba a jikina ake cirarsa ba.

8. Ga halin da ake ciki yau. Keken yana rumfata, na lulluɓe shi da tampol don kada tartsatsi ya faɗa masa a ce na sake taɓawa. Babban injina yana gefensa. Kafin ruwan shayi ya tafasa zan iya haɗa wurin, in ƙara masa ƙarfe ta ciki yadda zai kai ta asibiti ya dawo da ita. Kullum na zo aiki sai na wuce shi. Ina gyara ƙofofin mutane, ina gyara amalanken masu dako, keken matata yana kwance ƙarƙashin tampol da umarnin hukuma.

Ita kuwa tana kan katifa. Keken asibiti ba ya fita daga harabar asibiti. Wanda muka ara a maƙwabta, mai shi ya buƙaci abinsa. Halin sayen wani babu, na riga na sayar da abin sayarwa. Ni da autarmu muka gwada ɗaukarta a kujerar roba zuwa bakin titi, amma autar tana da tsohon ciki, mijinta ya hana, ban kuma ga laifinsa ba. Gashi ya tsaya. Ƙafar da ta fara motsi ta koma ta sandare. Bayanta ya fara gyambon kwanciya, autar ce ke wankewa, ni nake juya ta.

Ta daina kirana direba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko na sayar da motar. Na ce tana nan. Ta daɗe tana haɗa magana, sannan ta ce tun tana amarya take jin ina cika baki wai babu ƙarfen da ya gagare ni, to wannan fa? Ban san yadda ake gaya wa mace mai hannu ɗaya, shi ma a ɗaure, cewa ana jiran motar ofis ta fito daga gareji ba.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai daraja, cikin ladabi:

Na farko, a turo mai bincike ya ga ɓarin dama yadda ya karye. In ana so a kankare fentina na hagu a duba, a kankare, ni zan miƙa giranda.

Na biyu, a umarci shagon ya mayar mini da kuɗina, in sayi keke a wani wuri. Da farko na yarda a musanya mini. Yanzu ban yarda ba, ba zan sake ɗora ta a kan irinsa ba.

Na uku, a duba sauran kekunan da ke jere a shagon kafin a sayar wa wani. A kuma tilasta wa masu shaguna, duk sharaɗin da zai kashe garanti su faɗe shi da baki lokacin karɓar kuɗi, ba lokacin da jini ya zuba ba. Kuɗin ɗaurin hannu ban sa shi a ƙarata ba. Wannan tsakanin manajan ne da Mahaliccinsa.

A ƙarshe, ina sanar da ofis abu ɗaya, ba don tsoratarwa ba, ban isa ba. Likita ya ba mu ranar 15 ga Satumba za a kwance hannun a koma gashi, ya kuma ce in aka sake tsallakewa kada in zo ina tambayarsa labarin ƙafar. Zan riƙe umarninku har zuwa la'asar ɗin 14 ga wata. Rumfata a buɗe take, akwai benci, duk wanda aka turo zai same ni. In ranar ta wuce ba wanda ya zo, zan yaye tampol in kunna inji. Na san abin da hakan ke nufi: shaida ta tafi, kuɗi sun tafi, manajan ya ci nasara, kekunansa kuma za su ci gaba da fita. Na auna, na ga kuɗi da shaida a ɓari ɗaya, ƙafarta a ɗaya ɓarin. Sai dai wannan karon ba zan goge ba, ba zan shafa fenti ba. Zan bar waldar a fili da tabonta, karo na farko tun da na kama sana'a, domin duk wanda ya gan mu a gangaren asibiti ya tambaya, in ba shi labari.

Ina fatan ba za a kai ga haka ba. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon duba na ƙasa da kai. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

Baba Mai Walda
(sa hannu)

Abin da aka haɗa: rasit ɗin shago, takardar likita, da 'yar takardar da aka ba ni a teburin farko.