Kwalbar Ruwa daga Hatoma

Hatoma, watan shida

Yaya Seitoku,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka Yaya Fumi da yara. Ina fata aikin kamfanin abarba bai cinye ka ba, ko da yake shirunka ya sa na fara zaton ya cinye hannun da kake rubutu da shi.

Kada ma ka tambayi labarin ruwa. Damina ta zo ta wuce mu kamar ba ta san mu ba. Kullum da rana sai in ga hadari ya tsuguna a kan duwatsun Iriomote, ga su nan tsallaken teku, yana ta zuba a dajin da ba kowa sai aladu. Mu kuwa da tsibirinmu yake shimfiɗe kamar faifai, ba tudun da zai tare girgije, ko yayyafi ba mu gani ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Tankin gida ya kusa ƙafewa. Ɗan abin da ya rage a gindinsa Baba ya hana kowa taɓawa, shi kansa ba ya sha. Na kofin kakanni ne da ake ajiye musu kowace safiya. Mu masu rai kuwa tun bazara zartsin rijiyar kogo muke sha. Da farko sai na runtse ido, yanzu har na saba. Ƙafafun Baba ne ba su saba ba, sun kumbura har takalminsa ba ya shiga.

Gidan su Shige sun kwashe, haka maƙwabtanmu na gabas. Na yi wa Baba maganar tafiya, ya ce in rufe masa baki, guguwar teku na nan zuwa, ita za ta cika tanki. Ka ji fa. Wadda muka tashi muna ɗaure rufi saboda tsoronta, yau ita muke roƙo.

Ka rubuto masa, ƙila ya ji taka. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka, Toyo

Ishigaki, watan shida

Zuwa ga ƙanwata Toyo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki durƙusa ki gaishe min da Baba. Wasiƙarki ta iso ta hannun Kawu Gisho mai jirgi, kuma hannuna lafiya lau.

Na kwatanta wa likitan asibitin nan kumburin, ya ce gishirin ruwan ne yake tarar masa a jiki, kuma ga mai shekarun Baba abin ba na wasa ba ne. Mun gyara muku ɗakin baya. A nan famfo ne, ko da yake mu ma ana yanke mana.

Na san ba zai bar kabarin Inna da sauƙi ba, don haka ba zan matsa ba. Ki karanta masa wannan: idan tanki ya cika kafin bikin kakanni na watan bakwai, ba zan sake ɗaga maganar ba. Idan bai cika ba, ya yarda ku shigo jirgi. Baba bai taɓa saɓa alkawari ba, shi ya sa nake so ki karɓo min daga bakinsa.

Ku huta lafiya.

Yayanki, Seitoku

Hatoma, watan bakwai

Yaya Seitoku,

Ina gaisuwa. Ka gyara zama, don yau ni ce da bakin magana.

Baba ya yi alkawarin, bayan ya gama zagin likitanka. Sai ga shi ran nan teku ta fara wannan dogon numfashin nata ba tare da iska ba, sararin yamma ya yi ja. Muka ɗaure rufi, muka shigo da awaki, Baba ya cire indararo daga bakin tanki ya toshe shi, kamar yadda aka saba.

Amma busasshiyar guguwa ce ta zo. Iska kawai, tana kwaso feshin teku tana watsa mana. Ganyen dankali ya ƙone ƙurmus, ayaba ta kwanta, rufin makaranta ya tashi. Sai can wajen wutsiyarta ruwa ya sauko. Ka tuna yadda ake yi tun muna yara: a bar ruwan farko ya wanke gishirin rufi ya zube ƙasa, Baba ya tara hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya jira, har sai harshensa ya ce masa to. Na tsaya kusa da shi, ga sama ta fara washewa ta kudu. Ya ɗanɗana ya tofar. Ya sake, sai na ga bai tofar ba.

Ya ce, "Toyo, zo ki sa harshenki, kada gobe yayanki ya ce tsufa ne."

Na sha. Yaya, daɗinsa har tsakar kai. Na ce, "Baba, maida indararo, me kake jira?"

Ruwan bai daɗe ba, amma da ƙarfi ya zo. Bai kai bakin tanki ba, saura kamar kamu ɗaya, kuma Baba ya ce in ka isa ka zo ka auna. Yana ta dariya, tsoho da kumburarrun ƙafafu yana taka rawa a tsakar gida. Ni ma na yi kuka na yi dariya.

Ga kwalba nan na ba Kawu Gisho, daga tankinmu na ɗebo. Ka sha ruwan gidanku, ka bar ɗakin baya ga baƙi.

Taka mai nasara, Toyo

Ishigaki, watan bakwai

Toyo,

Ina gaishe ku. Na yi murna da kuka tsira, kuma na so in tsaya a nan.

Kwalbar ta iso. Fumi ta ce ruwan gida ne, a yi shayi da shi. Ta kurɓa ta dube ni, na kurɓa na kasa haɗiyewa. Na ce ko kwalbar ce, sai Kawu Gisho ya ce shi ma kin ba shi a kofi a gida, ya shanye ne don kunyar Baba.

Gishiri ne, ƙanwata. Bai kai na rijiyar kogo ba, shi ya sa kuka ji shi kamar zuma. Watanni kuna shan zartsi, harsunanku sun manta ruwa. Ba laifinki ba ne, ba kuma tsufan Baba ba ne. Da ina nan ina sha tare da ku, da ni ma na ce a maida indararo.

Kada ki yarda da ni. Ki zuba a kasko ki dafa har ya ƙone, ki duba gindin. Ban san yadda za ki faɗa masa ba. Alkawarinmu a kan cikar tanki ne, kuma na yarda ya cika, ba ni da bakin tilasta shi. Amma in ya ci gaba da sha, ba na jin zai ga damina mai zuwa.

Yayanki mai tunaninku, Seitoku

Hatoma, bayan bikin kakanni

Yaya,

Muna gaisuwa. Ban faɗa masa ba, a gabansa na dafa. Ya daɗe yana kallon farin da ya kwanta a gindin kaskon, ya dangwala ya lasa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wannan na yi ta ba uwarku kowace safiya?"

Da hannunsa ya zare toshiyar gindin tanki. Na ji ruwan na gudu cikin yashi, na shige ɗaki. Ya cire indararo, ya naɗe allunan sunayen kakanni a zanen Inna.

Ka turo Kawu Gisho. Baba ya ce zai zauna wurinka har harshensa ya dawo, sannan ya komo kafin guguwar baɗi. Ban ce masa komai ba. Kai ma kada ka ce.

Ƙanwarka, Toyo