Ƙwayar da Ta Fita

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga Jamus, ina gaida Baba da jiki, da mutanen Minjibir. Lafiyata ƙalau, tarin ma da sauƙi, sanyi ne kawai.

Ƙanwata Luba ta rubuto cewa gero bai yi ba bana, har autanki Sama'ilu ya bi yayansa Basiru Legas. To wa ya rage a gandu, Inna?

Kin sha tambayar aikina. Wani dunƙulen ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani muke tsarewa a na'ura, mu haska shi da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza. In zafi ya yi masa yawa, sai ya saki ƙwaya ɗaya, sauran su huce. A gidanmu ni na fara fita, kuma ban ga laifin kowa ba.

A ci gaba da sa mana albarka. Na'urar nan abin da ya rage kawai take aunawa, ƙwayar da ta fita ba ta sake ganinta. Ke dai in kina lissafa 'ya'yanki, ki riƙa sa ni ciki.

Ɗanki,
Abdussalam