Shukar Garu da Ƙirjin Inna

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya iyali, ya ƙoƙari? Mu nan Illela ba lafiya ba.

Ka fi kowa sanin duk ranar da hadari ya haɗo, gari ya yi nauyi, fukar Inna tashi take. Amma ka matsa mata ta waya sai ta tafi Garu duba shukar gonarka. Can numfashinta ya sarƙe, a amalanke aka fito da ita. Ma'aikaciyar asibiti ta ce hadari na tasowa gadajensu ke cika, da kyar muka samu ɗaya.

Jiya ka kira, gero kaɗai ka tambaya. Ya tsiro. Inna kuwa kwananta huɗu kwance.

Gaida matarka da yara. Ka sa uwarka a addu'a, in ka samu lokaci.

Ƙanwarka,
Hadiza