Ruwan da Inna Ba Ta Sha Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Ka ga wasiƙa maimakon kira, kada ka ɗauka boko ne ya tashi mini da tsufa. Wayata ta sha ruwa, ta mijina Mai Walda kuma tun da ta faɗa kwata ba ta sake cewa uffan ba. Direban da ya kawo maka wannan maƙwabcinmu ne, ka ba shi amsa.

Na san ka ji labarin ambaliya, to ka kwantar da hankalinka, Inna tana nan da ranta. Ɗakinta ne babu. Ka san shi ne na ƙarshe, wanda ya jingina da babbar kwata. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwatar da shara ta toshe ta ƙi ɗauka, sai ta juyo mana da shi cikin gida har ƙugu. Bangon Inna ya zauna, ya ja banɗakin gidan suka tafi tare. Mai Walda ne ya goyo ta ya fito da ita. Wallahi Yaya, ta fi jin zafin goyon suruki a kan ɗakin da ta rasa, har yanzu in ya shigo sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska.

Yanzu tana ɗakinmu, ni da shi da yaran biyu da ita, labule ne ya raba mu. Mai gidan haya ya zo ya tsaya da hannu a baya, ya leƙa ramin banɗakin, ya ce sai bayan damina. Duk gidan sai dai mu je gidan wanka na kuɗi da ke bayan gada, hanya duk caɓi, ga layin maza a ƙofa, ga gwiwoyin Inna da ka sani. Na sayo mata fo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba yarinyar goye ba ce, kuma a ɗakin da baban yara yake kwana? Na ce ai zai fita waje. Ta ce fitar tasa ma shela ce.

Amma ba ta ba ni wahala. Sau ɗaya nake raka ta da sassafe, ta ce ya ishe ta har gobe. Har tsiya na yi mata, na ce da jikokinta za su gaji wannan riƙo da na huta da wanki.

Ka gaishe da Anti. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, da kayan sawar da Anti ta haɗo wa Inna, Allah ya saka. Ka ce in ta ji ƙarfi in turo ta wajenku. Na faɗa mata, ta ce ba ta zuwa ko'ina sai ta ga an ta da bangonta.

Ruwa ya ɗauke rana ɗaya kamar an rufe famfo, sai zafi. Lokacin da muka saba fito da barguna, yanzu mutum ko zanen rufa ba ya so. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa ganin shekara mai juyayyen hali irin wannan ba. A rediyo suna ta cewa sauyin yanayi ne, wai hayaƙin masana'antu da motoci. Na ce to mu da ko keke ba mu da shi, me ya sa a ɗakinmu ya sauka? Silin ɗinmu ya jiƙe ya zubo tun ranar ambaliya, saura kwano tsirara a kanmu. Da rana in ka ɗaga hannu sama sai ka ji kamar ka kusanci murhu. Bango kuma har yau yana tsatsar ruwa, yana warin ruɓa, sauro ya mai da mu gonarsa. Wutar lantarki kuma, tun da sandarta ta faɗi a ambaliyar, ba a waiwaye mu ba.

Yara sun fito da ƙuraje har cikin kai. Gudawa ta shiga layinmu, ta ɗauke jaririn maƙwabciyarmu mai kitso, yaron da aka yi wa aski kwanan nan. Tun daga ranar nake tafasa ruwan sha, in zuba a randa ya huce. Ina ba Inna babban kofi safe da rana da yamma, in tura mata ta ƙarƙashin labule, ya dawo mini babu ko ɗigo. Wannan ne ke kwantar mini da hankali.

Duk da haka ba ta yi mini daidai ba. Leɓenta ya tsage, tana kukan ciwon kai, tana gyangyaɗi a zaune da carbi a hannu. Jiya ta kira ni da sunan Goggo, wadda ta rasu tun ina firamare, ta ce in je in duba tukunya. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba mu magani. Ina jin tsoro, Yaya, ban san na mene ne ba.

Kada in rufe da baƙin labari kawai. Mutumin naka Mai Walda ya yabe ni, abin da bai yi ba tun muna amare. Wai na zama matar kirki, kullum ya dawo daga wajen walda sai ya tarar da butar alwalarsa cike a gindin labule. Ni dai ban cika ba, na ɗauka aikin babbar 'yata ne, amma na karɓi yabon abina.

A gaishe da yara.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Inna ta faɗi a kan gada muna hanyar gidan wanka. Masu turin baro ne suka taimaka muka kawo ta. Likita ya tsunkuli fatar hannunta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Ya tambaye ni ko tana shan ruwa. Na rantse masa, na ce da hannuna nake ba ta, kofi yana dawowa wayam. Ya juya ya tambaye ta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai da ya fita ta gaya mini, a hankali, kamar yarinyar da ta fasa kwano. Tun ranar da ta shigo ɗakinmu take jiƙa leɓe kawai, sauran ta juye a butar surukinta. Ta ce in ta zubar a ƙasa zan gani, kuma ruwan da aka tafasa da gawayi ba abin wulaƙantawa ba ne. In ba ta sha ba, ba za ta matsu ba. In ba ta matsu ba, ba za ta tashe ni ba, ba za ta ratsa layin maza ba, ba za a fitar da mutum daga ɗakinsa saboda ita ba. Duk zafin nan da muka sha, Yaya, da kwanon nan a kanta. Mai Walda da ya ji sai ya fita ya zauna a bakin baranda, ya ce da ruwan ran Inna yake ta alwala bai sani ba.

Ƙodarta ce ta tsaya. Sun yi mata ƙarin ruwa, ruwan ya shiga ya ƙi fita, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Sun sa mata robar fitsari, jakar tana rataye a gefen gado, ni kuma aikina kenan kallonta, ko za ta ɗiga. Sun ce sai wankin ƙoda, injin yana babban asibiti, kuma tun ambaliya layi ne a kansa. Sun rubuta sunanta.

Abin da ya fi ci mini rai ga shi. Yanzu da roba ta ɗauke mata zuwa banɗaki, yanzu take neman ruwa. Likita kuma ya hana, ya ce 'yan cokula kawai a yini, in ya wuce haka huhunta zai cika. Tana kama bakin zanena tana cewa, “Auta, ko rabin kofi, don Allah.” Ni da na yi ta binta da kofi, yau ni ce nake ɓoye shi a bayana. Ina jiƙa tsumma in goga mata a leɓe, sai ta kama shi da haƙori tana tsotsa.

Ka zo. Ka bar komai ka zo, ba zan iya wannan ni kaɗai ba.

Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi mini. Direba ya ce hanyar wajenku da ambaliya ta zaizaye ta rufta, motoci suna tsaye, don haka na san ba ƙin zuwa ka yi ba. Kada ka ɗora wa kanka. Inna ta rasu shekaranjiya da hantsi, layin injin bai zo kanta ba. An yi mata sutura, mutanen layinmu duk sun tsaya mana, har mai kitso da nata sabon rashin.

Na san za ka so ka ji ƙarshenta. Da safen likita ya duba ta ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya ce in ba ta duk abin da take so. Na gane abin da yake nufi. Na koma na zauna kusa da ita. Mai Walda ne ya ruga bakin titi ya samo ruwa mai sanyi, ya zuba, ya durƙusa a gefen gado ya miƙa, kansa a sunkuye.

Ta buɗe ido ta ga ko wane ne. Ta laluba mayafinta da ƙyar, ta ja shi ta rufe fuska, sannan ta sa hannu a kan nasa ta jawo kofin ciki. Muna jin saukar ruwan a maƙogwaronta. Ta shanye duka, ta yi hamdala, ta ce a ƙaro. Ya tashi da gudu ya ƙaro. Kafin ya dawo ta cika.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. In hanya ta buɗe ka zo, yara suna ta tambayarka.

Ƙanwarka,
Auta