Leshin da Ya Dawo Daga Bakura

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara? Mu nan Mafara lafiya lau.

Akwai abin da na ɓoye miki. Da damina ta matse mu, na ba dillaliya leshin da kika aiko mini, ta kai gwanjon Bakura inda ba a san shi a jikina ba.

Ranar Talata Inna Kulu ta Bakura ta zo da ƙunshi. Na buɗe, sai ga leshina a goge. Ta ce, "Na gan shi rataye, na ce wanga ɗiyata kaɗai zai yi wa kyau." Daga nan ta nemi ruwan alwala.

Ki yafe mini, Yaya. Ki gaida yara, ki sa Inna a addu'a kafin ki sa ni.

Ƙanwarki,
Saratu